Abin da Baba Ya Gani a Kwanon Tiyata

Kusan shekara guda Inna ta yi tana ɓoye mana ciwon. In ta ci abu mai maiƙo sai ta dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama, ta ce iska ce, ta jiƙa kanwa ta sha. Gidanmu kuwa gidan maiƙo ne, don Baba mahauci ne. Tun kafin a haife ni yake fawa a Potiskum, kuma bai taɓa dawowa daga kwata hannu banza ba. Ni ce 'yarsu ta fari, saboda haka babu mai kiran sunana a cikinsu. Inna "ke" take ce mini. Baba kuma tun da na fara koyarwa a sakandaren 'yan mata ya laƙaba mini Malama, rabi girmamawa rabi tsiya. Kimiyyar halittu nake koyarwa. Na zana hanta a allo ya fi a ƙirga, da jan alli da kore, amma ɗanyarta ban taɓa yarda na sa mata hannu ba, ƙarninta tayar mini da zuciya yake yi.

Ran da ciwon ya kayar da ita a tsakar gida tana tsakiyar tankaɗe, muka saka ta a keke napep sai wani asibiti a cikin gari. Aka yi mata hoton ciki, aka ce duwatsu ne suka cika mata maɗaciya, sai an cire ta. Likitan da zai yi aikin dogo ne siriri, bai fi shekara arba'in ba, maganarsa a hankali, Hausarsa da ɗan karin Bolanci. Na ji daɗinsa tun farko saboda bai yi mana irin kallon nan na "ku me kuka sani" ba. Ya juya bayan katin Inna ya yi mana zane.

"Wannan hanta ce," in ji shi. "Ita ke yin ruwan ɗaci, ruwan ya bi wannan babbar hanya ya sauka cikin hanji. Maɗaciya 'yar jaka ce a gefe, tana da 'yar siririyar hanyarta da ta zo ta haɗe da babbar. Siririyar za mu ɗaure mu yanke, mu cire jakar. Babbar ba ma taɓa ta, don hanta ba ta da wata mafita sai ita."

Baba ya leƙa zanen ya gyaɗa kai. "Haka take a saniya ma."

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Baba, maganar mutum ake yi." Likitan ya yi ɗan murmushi ya ce ai Baba bai yi ƙarya ba, kusan haka take.

Ranar Talata da safe aka shiga da ita. An ce mana awa ɗaya da rabi, sai ga shi an wuce awa uku. Muna zaune a benci a bakin ɗakin tiyata, mu da 'yan'uwan Inna da suka zo daga Danchuwa da kwanukan abinci wanda babu mai iya ci. Baba na jan carbi, ni ina kai-kawo ina hararar duk wanda ya buɗe ƙofa. Ni dama ba a san ni da haƙuri ba, ko a makaranta yara sun san takuna.

A asibitocinmu akwai wata al'ada. In an gama tiyata, sai a fito da abin da aka cire a nuna wa dangi, don kada gobe wani ya ce an tsaga mutum ba a cire komai ba. Kowa ya san yadda ake yi. Ku leƙa, ku yi salati, wata tsohuwa ta ce "wannan duk a cikinta yake?", a mayar da kwano. Haka wata nas mai ƙiba ta fito da ɗan kwanon silba, ta ce an gama lafiya, Inna na barci. Muka yi hamdala muka yi caa a kan kwanon. Ga duwatsu nan guda biyar ko shida kamar gyaɗa, ga jakar a gefe duk ta tamuke, ta yi kauri. Matan Danchuwa suka shiga salati. Ni ma na leƙa daga nesa na kau da kai.

Baba bai ko kalli duwatsun ba. Ya sa carbinsa a aljihu, ya naɗe hannun riga, ya sa yatsu biyu ya ɗauko maɗaciyar.

"Baba, ba a taɓawa!" in ji nas ɗin.

Bai ji ta ba. Ya juya maɗaciyar, ya kama wuyanta ya ja shi a hankali, ya matsa wajen taga inda haske yake. Na san wannan tsayuwar, haka yake tsayawa in an kawo masa hantar da yake zargin tana da tsutsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "An haɗa da uwar."

Na ce, "Wace uwa kuma?"

"Zo ki gani, Malama. Maɗaciya wuya ɗaya gare ta. In ka cire ta daidai, baki ɗaya za ka gani a ƙarshen wuyan. Duba nan. Wuyan ya je ya tarar da wata a gicciye, ga baki ta sama, ga baki ta ƙasa. Guntun babbar hanyar ne aka yanko."

Abin da na yi a lokacin har yau in na tuna sai na ji zafi a fuskata. Mutane sun fara taruwa, masu jinyar wasu marasa lafiya suna leƙe, ga ubana da naman jikin uwata a hannu yana juyawa. Kunya ta rufe ni, kunyar ta koma fushi. Na ce masa, a gaban kowa, "Baba don girman Allah ka ajiye. Nan asibiti ne, ba kwata ba." Wata daga cikin matan Danchuwa ta ja numfashi. Tunda nake ban taɓa yi wa Baba magana haka ba.

Bai ko juyo ba. Ya mayar da abin cikin kwano, ya karɓe kwanon daga hannun nas ɗin, ya koma benci ya zauna ya ɗora shi a cinya. "Kira mini shi," ya ce mata.

Ta ce likita ya gaji, kuma akwai wani aikin yana jiransa. Baba ya ce zai jira. Ta miƙa hannu za ta karɓi kwano, ya dafe shi da tafinsa. Da ta ga ba wasa yake ba, ta shiga tana gunaguni.

Likitan ya fito da koren kayan tiyata, hula a kansa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na tare shi da Turanci ina ba shi haƙuri, ina cewa tsoho ne, damuwa ce ta yi masa yawa. Ya ɗaga mini hannu. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Baba, me ka gani?" Baba ya nuna masa da ɗan yatsa, ya maimaita abin da ya faɗa mini. Likitan ya duba sosai. Ya ɗauki kwanon ya ce mu biyo shi, ni da Baba.

Wani ɗan ɗaki ya kai mu mai famfo. Ya sa safar hannu, ya ɗauraye abin, ya shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe kamar tsinke, ya zura ta bakin da ke sama. Ina kallo kan ƙarfen ya ɓullo ta bakin ƙasa. Ya zare, ya sake zurawa, ya sake ɓullowa. Babu abin da ake ji a ɗakin sai ɗigar famfo. Ya ajiye ƙarfen ya dafa bango.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. Sannan ya juyo ya kalli Baba ido cikin ido. "Baba, gaskiyarka. Na yanke babbar hanyar. Ni na yanke ta."

Na jingina da ƙofa. Abu biyu ne suka dake ni lokaci ɗaya, ban san wanne ya fi ba. Na farko, uwata tana can kwance muna ta hamdala, ashe an toshe mata hanta. Na biyu, likita ne tsaye a gabana yana cewa "ni na yi." Na yi jinyar mutane da yawa a dangi, na san maganganun da ake yi in abu ya lalace. An kawo shi a makare. Ciwon ya riga ya ci jiki. Kwana ne ya ƙare. Mu ma dangi mu karɓa mu ce haka Allah ya so, a tafi gida. Ban taɓa jin wani mai farin kaya ya ɗora laifi a kansa da bakinsa ba, balle a gaban mahauci.

Da na dawo hayyacina sai bakina ya buɗe. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma na tuna na ce ya kashe mana uwa, na ce wa ya ba shi takardar likita, na ce sai na ga ƙarshensa a garin nan. Ya tsaya ya sunkuyar da kai har na gama. Baba ma bai hana ni ba.

"Kina da gaskiyar yin fushi," ya ce. "Bari in gaya muku yadda aka yi, sannan abin da za a yi, don lokaci yana tafiya. Da na buɗe, na tarar kumburin da ya daɗe ya manne komai wuri ɗaya. Wuyan maɗaciyar ya gajarce, ya kwanta a jikin babbar hanyar. Na ɗauki babbar a matsayin siririyar, na ɗaure na yanke. Ba don in wanke kaina nake faɗa ba. Akwai lokacin da zuciyata ta gaya mini ban gane wurin sosai ba. A nan ya kamata in tsaya, in bar guntun jakar a ciki in fito. Ban tsaya ba. Kuma ni ya kamata in duba abin da na cire kafin ya bar ɗakin, ba Baba ba."

Baba ya ce, "Yanzu ruwan ina zai bi?"

"Ba shi da inda zai bi. Na ɗaure ta sama. Zai taru a hanta ya koma cikin jini, idonta ya yi rawaya kamar mai shawara. In ɗaurin ya zame kuma, ya malale mata a ciki. Ko wanne ne, in aka bar ta haka ba za ta rayu ba."

Na ce, "To me kake jira? Koma ka ɗinke abin da ka yanke!"

"Ba zan koma ba," in ji shi.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Ka ce me?"

"Guntun da ya fita ya kai gaɓar yatsa, bakin sama da na ƙasa ba za su haɗu ba. Sai an jawo hanji sama an ɗinka shi a jikin ɗan abin da ya rage ƙarƙashin hanta, da zare mai kama da gashi. Sau biyu na tsaya ana yi, ban taɓa yi da hannuna ba. Gyaran farko shi ne mai kyau. In na gwada ya lalace, wanda ya iya ba zai sami abin da zai kama ba. Akwai malamina a babban asibitin koyarwa, aikinsa ke nan. Wurinsa za ta tafi."

Ni a lokacin gani na yi gudu yake, ya ɓata ya tura wa wani. Na buɗe baki zan sake farawa, sai Baba ya riga ni.

"Nawa ya rage ta sama?"

Likitan ya nuna masa da faɗin farcen babban yatsa. "Kamar haka, ko ƙasa da haka."

Baba ya dubi farcen, ya dubi abin da ke kan ƙyalle, ya girgiza kai. "To kada ka taɓa. In wannan ya yage babu saura."

Suka tsaya su biyu a kan ƙyallen suna magana ƙasa-ƙasa, wannan ya nuna, wancan ya gyaɗa kai. Ni mai digiri, mai zana hanta da alli kala biyu, ina gefe ina kallo. Hanyar nan da nake zanawa da layi ɗaya kore, ashe a jiki ba layi ba ce, abu ne mai laushi da ke iya ɓuya a bayan ɗan'uwansa, kuma ran mutum a kansa yake.

A gabanmu ya kira malamin nasa, ya buɗe muryar wayar don in ji. Turanci suka yi, kuma bai canja ko kalma ɗaya ba daga abin da ya gaya mana. Na ji muryar dattijo ta ɗaga, yana tambayarsa me ya hana shi tsayawa, ina abin da aka koya masa. Ya yi ta amsawa da ladabi, bai kawo uzuri ba. Daga ƙarshe dattijon ya ce kada a taɓa ta, a ba ta ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kawo ta gobe da sassafe tare da abin da aka cire.

Da muka fito, nas ɗin nan mai ƙiba ta ja ni gefe. Fuskarta duk ta canja. Ta ce, "Malama, ki rage faɗa. Da wani ne, cewa zai yi tsoho bai san komai ba, ya karɓe kwano. Kuma ke ce za ki fara goya masa baya." Gaskiya ta faɗa, ai har haƙuri na fara ba shi da Turanci.

Rigima ta gaba a kan Inna aka yi ta. Da ta farfaɗo da la'asar, likitan ya ce zai gaya mata. Na ce ba zai yiwu ba. A wurinmu ba a gaya wa marar lafiya mugun labari, cewa ake da sauƙi ko da ana haƙa kabari. Matan Danchuwa suka goyi bayana, suka ce a ce mata ƙarin hoto za a je yi. Ya saurare mu, sannan ya ce, "Cikinta ne na yanka, ba naku ba. Kuma ita za a sake tsagawa. Ba zan tura ta a kan ƙarya ba." Na dubi Baba ina jiran ya tsawatar masa. Baba ya ce, "Ka gaya mata. Ta fi mu zuciya."

Likitan ya ja kujera ya zauna a gefen gadonta. Inna 'yar Karekare ce, Hausarta ta kasuwa ce, saboda haka ya bi a hankali, ya sake yin zanen nan a bayan wata takarda. Ta saurare shi idonta rabi a rufe, leɓenta a bushe. Da ya kai wurin "ni na yanke", sai ta buɗe ido sosai ta dube shi.

"Da gangan ka yi?"

"A'a, Inna."

"Mai gyarawa yana nan?"

"Yana nan. Gobe za ki same shi."

Inna ta juya kai wajen Baba ta ce, "Shekara arba'in ina zaune da mai wuƙa bai yanke ni ba, sai kai mai farin riga." Babu wanda ya yi dariya sai ita, dariyar ma ciwo ya katse ta. Likitan ya sunkuyar da kai. Ni na fita baranda na yi kuka, don na ga tsoro a idonta duk da wasan da ta yi.

Da gari ya waye muka kama hanyar gabas a motar asibiti, ni da Baba a baya tare da ita da wata nas. Abin da aka cire yana cikin kwalba a jakata, da wasiƙar da likitan ya rubuta, bai liƙe ambulan ba. Kafin mu kai Damagum na ɗaga fatar idon Inna ya fi sau goma. Farin ya fara rina, kaɗan-kaɗan, ta gefe. Na nuna wa Baba, ya duba ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi. Don in sami abin yi na zaro wasiƙar na karanta. Shafi biyu ce. Ya rubuta inda ya yanke, tsawon abin da ya fita, irin zaren da ya yi ɗauri da shi, har da zane. A wani layi ya rubuta cewa shi bai lura ba, mijin marar lafiyar ne ya gano a kwano. Na karanta layin sau uku. Babu wanda ya tilasta masa rubuta wannan.

Malamin nasa gajeren dattijo ne mai furfura, ba shi da fara'a ko kaɗan. Ya karanta wasiƙar a tsaye, ya ɗaga kwalbar ya duba, ya dubi Baba daga sama har ƙasa. Ya ce irin waɗannan yawanci sai sun yi kwanaki suke iso masa, ciki ya cika da ruwan ɗaci, takarda kuma ba ta ce komai ba, sai ya buɗe yana lalube. Wannan kuwa ya san inda zai dosa. Na tambaye shi ko za ta tashi. Ya ce, "Ba na yin alkawari. Abin da ya rage kaɗan ne." Na fi son ya yi mini ƙarya a lokacin, wallahi, amma ga alama shi da ɗalibinsa duk haka suke.

Aka yi gwaje-gwaje, aka sake hotuna, rana ta uku aka shiga da ita. Kafin nan idonta ya zama rawaya sosai, tana ta susa, fitsarinta ya yi duhu, bayan gidanta kuma ya koma fari-fari kamar toka. Tun hantsi har bayan la'asar suna ciki. Da dattijon ya fito ya ce ya haɗa, amma ɗinki a irin wannan wuri yana iya kamawa, yana iya yoyo, yana iya toshewa. Ya ce mini, "Ke ce mai jinya? To ki sa ido a kan bayan gidanta. Ruwan ɗaci ne ke ba shi kala. Ran da ya dawo da kalarsa, hanya ta buɗe."

Duk kwanakin nan likitan Potiskum yana kiran wayata safe da yamma. Ban ɗauka ko sau ɗaya ba. Ina ganin lambarsa sai in kife wayar. Na san yana jin labari daga malaminsa, kuma ban ga abin da zai sa in sanyaya masa rai ba. Uwata na kwance da roba a hanci, roba a ciki, ta rame ta yi rawaya, shi kuwa yana can da hantarsa lafiya lau.

Kwana huɗu babu labari, cikin ma bai motsa ba. Ba a barin maza a ɗakin mata sai lokacin ziyara, saboda haka Baba a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro ya tare, shi da tabarmarsa da buta. Mutumin da tunda na san shi bai taɓa fashin kwata ba. Kowace safiya in na fito sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya?" In ce, "Shiru." Shi ke nan maganar. Ni da Baba ko kalmar ciki ba mu taɓa furtawa a gaban juna ba, ga shi yanzu abin da muke jira mu biyu ba ya faɗuwa tsakanin uba da 'yar fari.

Rana ta biyar da hantsi Inna ta yafito ni, ta ce in ja labule in kawo fo. Na riƙe ta har ta gama, na kwantar da ita. Sannan na ɗauki fon na kai wajen taga. Na daɗe ina kallo ban yarda da idona ba. Na kira nas ta duba, ta ce, "Ai kuwa ya zo." Inna daga kan gado ta ce, "Ke, mene ne?" Na gaya mata. Ta rufe ido ta ce, "Je ki gaya wa babanki."

Na wanke hannu na fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai da na tsaya a gabansa na rasa ta inda zan fara. Na dubi ƙasa na ce, "Baba, ya yi kala."

Ya miƙe tsaye. "Wace iri?"

"Ƙasa-ƙasa. Da ɗan kore a ciki."

"Kin duba da kyau? A haske?"

"A haske, Baba."

Ya koma ya zauna, ba a kan tabarma ba, a ƙasa. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ran da mahaifiyarsa ta rasu. Na durƙusa a gefensa na ce ya yafe mini maganar da na yi masa a bakin ɗakin tiyata. Ya girgiza hannu kamar mai korar ƙuda. Da ya sauke hular, abin da ya fara cewa shi ne, "Kira shi."

Na ce, "Wa?"

"Kin sani."

"Baba, shi ne fa ya jefa mu cikin wannan."

"Shi ne. Kuma shi ne ya faɗa. Kwana takwas ke nan yana ɗauke da uwarki a ƙirji, ke kina da ni, shi ba shi da kowa. Kira shi, Malama."

Na zaro wayar ina huci, na danna lambar. Ko ƙara ɗaya ba ta gama yi ba ya ɗauka.

"Malama?" Muryarsa ta dishe, da ƙyar na gane ta.

Ban gaishe shi ba. Na ce, "Ya yi kala."

Shiru. Na ɗauka layin ya katse, har na duba fuskar wayar. Da na mayar kunne sai na ji numfashinsa, yana ƙoƙarin cewa alhamdu lillahi kalmar ta ƙi fita. Na shirya maganganu masu zafi tun a mota, na tara su kwana takwas, babu wadda ta zo bakina. Ban ce na yafe masa ba, shi ma bai roƙa ba. Na tsaya a rana da waya a kunne ina jin babban mutum yana kuka, na kasa kashewa.